Abin da Na Tono a Ƙarƙashin Baƙin Fenti

'Yan uwana masu karanta labarina, ku matso kusa. Kwana huɗu ke nan ina ɗaukar wayar nan ina ajiyewa, domin abin da zan faɗa muku yau har yanzu bai gama zama a kaina ba.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, ni ce matar mai fentin motar nan da ake ce wa Sannu-Sannu, Allah ya jiƙansa. Wata goma sha huɗu ke nan da mota ta buge shi a kan babur, da safe, ya fita sayo tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Mai motar bai tsaya ba. Wata mai sayar da lemo a bakin titin ita kaɗai ta gani, ta ce jar mota ce mai duhu, lamba kuwa ba ta iya karatu ba. Ya bar mini 'ya ɗaya, da gareji, da rigar aikinsa mai ruwan toka wadda sai na naɗe hannunta sau uku nake iya aiki da ita.

Sunan nan masu kawo aiki ne suka laƙaba masa. Sai ya kwana uku yana wanki da guga a kan ƙofar mota ɗaya, feshin kansa kuwa ba ya wuce minti ashirin. Shekara tara ina gefensa. Da farko abinci nake kai masa, wata rana ya miƙo mini sanfefa, takardar nan mai kaushi ta gugar fenti, ya ce, "Tunda kin zauna, zauna da amfani." Duk abin da na iya, a hannunsa na gani.

Ranar Laraba da safe ina falon Umma, inda na koma da zama tun bayan rasuwar. Ina durƙushe ina ɗaure wa 'yata igiyar takalmi, Umma tana kan kujerarta mai yagaggen hannu wadda ta rufe da tawul, agogon bango yana kan ƙarfe huɗu da ya tsaya tun bara. Sai ga hon ɗin Yaya a ƙofa. Dillalin motoci ne, yau ka gan shi a fara, gobe a shuɗiya, har na daina ɗaga kai in ga wacce ya zo da ita. Ya shigo da farar riga da ta sha guga kamar za ta tsaya da ƙafarta, turarensa ya riga shi zama.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Auta, kin ba mutumin nan amsa?"

"Ko shayi ba ka sha ba."

"Shayi ba ya gajiya da jira. Mutum yana gajiya."

Umma ta ajiye kofi. "Faɗa mata dai. Don Allah dubi farcenta. Wannan shuɗi, wannan fari, wannan ko sunansa ban sani ba. Mutum mai tsabta ya ga hannun nan bai gudu ba, ai sai ki riƙe shi gam."

"Da hannun ya gan ni, Umma."

"Ka ji ta ko? Bakin ubanta sak."

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Na samu mai son garejin, taya zai zuba. Ki yi aurenki ki huta da shaƙar tina. Ranar Jumma'a nake so in ji magana ɗaya." Yana faɗa yana shafa tabon da ke goshinsa da yatsa, kamar yadda yake yi in ransa ya soma ɓaci.

Mutumin da suke nufi shi ne Mai Tabarau. Shagon gwada ido gare shi, matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. Yaya ne ya tura mu wurinsa lokacin da 'yata ta fara manna littafi a hancinta. Ya durƙusa daidai tsawonta ya gwada mata gilashi goma sha ɗaya bai ƙosa ba. Daga ranar ya riƙa zuwa gaida Umma, ya bar motarsa can bakin titi saboda lungunmu ba ya ɗaukar mota biyu. Ba zan yi muku ƙarya ba, na kai matsayin da in wayata ta yi ƙara sai na goge hannu da sauri. Kunyar marigayi ce kawai take riƙe mini baki.

Ina buɗe garejin saƙonsa ya shigo.

"Injiniya, barka da safiya. Yau zan kawo miki marar lafiya. Fatarsa ce take saɓulewa."

Na rubuta, "Ni ba likita ba ce."

"Ke ce ta unguwarmu. Amma ki rufa mini asiri, Yayanki ya hana ni kawo miki motar nan har sau uku. Wai ina ƙara miki taurin kai da aikin gareji."

"Taurin kan ya riga ya ƙoshi. Kawo."

Wajen ƙarfe tara ya iso. Baƙar mota ce, tsaf-tsaf, har da ɗan kwalin auduga a gaba. Ya fito da rigarsa mai layi-layi, biro biyu a aljihu, yana gyara tabarau. Ban taɓa tsayawa kusa da motar ba sai ranar. Fentin bonet ɗin, wato murfin injin, ta gefen hagu, ya kumbura ya tsattsage. Na sa farce na ɗaga, sai ya taso mini kamar ɓawon dafaffen ƙwai, ƙasansa fari ƙal yana ƙyalli.

Na ciro ɗan maganaɗisun da ke aljihun rigar marigayi na manna a ƙofa, ya kama. Na manna a bonet, ya sulale ya faɗi ƙasa.

"Me ya ce?" in ji Mai Tabarau.

"Ya ce wannan ba baƙin ƙarfe ba ne, alminiyam ne. Wanda ya yi maka fentin nan kuma sauri yake yi. Ya kankare ya fesa kawai, bai sa masa na farko ba."

"Fenti ma yana da na farko da na biyu?"

"Akwai wani siriri mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, shi ne yake cizon alminiyam ya riƙe. In babu shi, duk abin da ka ɗora a sama baƙo ne, zai tashi ya tafi. Kai da kake gyara wa mutane ido, wata nawa kana kallon wannan?"

"Ido nake gyarawa, Injiniya, ban ce ina amfani da nawa ba."

Na yi dariya. Ku riƙe wannan, ita ce dariyata ta ƙarshe a ranar.

Ya bar mini makulli ya ce zai dawo da la'asar. Na kira maƙwabcina mai walda, muka kwance bonet ɗin muka ɗora shi a kan benci. Na ɗaure ɗankwali tamau, na rufe hanci, na sa safar hannu.

Na fara yadda aka koya mini. Na wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi har sau biyu. Na goge shi da tina, tsumma ɗaya yana jiƙawa, ɗaya yana bi yana tsanewa, don kada maiƙon ya koma inda ya fito. Sai na ɗauko gwangwanin sanfefa na saman kanta, wanda marigayi ya zana wa jan layi. Sanfefar da ke ciki ba ta taɓa haɗuwa da baƙin ƙarfe ba. Ya ce ƙurar ƙarfe in ta shiga jikin alminiyam, a ƙarƙashin fenti take zama tana ci.

Har yanzu ina jin muryarsa. "Baƙin ƙarfe ko kin yi masa ha'inci zai rufa miki asiri shekara biyu. Wannan kuwa wata shida ya tona ki. In kin goge shi, zuba ruwa ki gani. Ruwa ya kwanta shimfiɗe, ya tsarkaka. Ya dunƙule kamar ƙwalla, koma ki sake. Kada ki taɓa shi da tafin hannu, kada kuma ki bar shi ya wuce awa ɗaya tsirara, domin iska tana yi masa wata fata da ido ba ya gani."

Ina gugar bakin inda fentin ya tashi, ina kwantar da shi don kada sabon ya nuna tudu. In kana irin wannan gugar, duk fentin da mota ta taɓa sha yana fitowa zobe-zobe, kamar ka yanka albasa. Marigayi yana son wannan wurin. Yakan ce a nan mota take ba da labarin gidajen da ta zauna.

Zoben farko baƙi ne, siriri.

Na ci gaba. Na biyu ya leƙo. Ja ne mai duhu.

Hannuna ya tsaya da kansa. Na ce a raina, jajayen motoci nawa ne a duniya, ke dai ki yi aikinki. Na ƙara guga kaɗan. Ƙarƙashin jan, sai ga fari.

'Yan uwa, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Umma. Ranar da aka dawo mana da babur ɗin marigayi, na zauna ina shafa shi, sai na ga ɓallin fenti ya maƙale a noti na kariyar baya. Girmansa bai wuce farcen babban yatsa ba. Na san ba na babur ɗin ba ne. Na sa shi a kwalin ashana, na jefa a aljihun ƙirjin rigar aikinsa, kullum yana nan a kan zuciyata ina aiki.

Na cire safar hannu. Na ciro kwalin na buɗe. Na ɗora ɓallin a gefen zoben. Samansa ja mai duhu. Na juya shi ta gefe na kai shi hasken ƙofa. Ƙarƙashin jan, fari. Kaurinsu ɗaya. Ƙyallin da ke cikin jan iri ɗaya.

Na kira mai walda muka kifa bonet ɗin. Ta ciki, gefen hagu, duk sawun guduma ne, an bubbuge shi an miƙar da shi da hanzari. Muka mai da shi yadda yake. Na fita na dubi motar. Fitilar dama ta tsufa ta yi rawaya. Ta hagu sabuwa ce fil.

Mai walda ya ce, "Matar oga, lafiya? Kin yi fari."

"Tina ce ta hau mini kai."

Da ya fita na zauna a ƙasa, a cikin ruwan wankin, ban ma ji sanyinsa ba. Ban yi kuka ba. Kunnuwana ne suka toshe, kamar an tura kaina cikin randa. Abin da yake yawo a kaina shi ne hannun mutumin nan a fuskar 'yata yana gyara mata gilashi. Shi ne ya zauna a falonmu ya sha shayi a kofin da marigayi yake sha. Shi ne ya ce mini ya san zafin rashi. Ashe tausayin da na ɗauka so ne, nauyin jini ne yake neman inda zai sauke?

Wayata ta yi ƙara. Saƙon Mai Tabarau ne.

"Ya jikin marar lafiya? Akwai rai?"

Bayan ɗan lokaci wani ya shigo. "Shiru. Ko an shiga tiyata ne?"

Na kifa wayar. Awa ɗayar da marigayi yake faɗa ta wuce, ta biyu ta wuce, alminiyam yana kwance tsirara yana shan iska, ban iya tashi na fesa masa komai ba. Tunda na fara aikin nan ban taɓa yin haka ba.

Da la'asar ya shigo da leda a hannu, ya sayo wa 'yata biskit mai cakulan. Yana ganin fuskata ya ajiye ledar a kan injin feshi.

"Wa ya rasu?"

"Mijina."

Ya ja da baya.

Na ce, "Zo ka gani. Matso, ka ce ba ka amfani da idonka, yau ka yi amfani da shi." Na nuna masa zoben, na nuna masa ɓallin, na gaya masa inda na samo shi. Muryata ba tawa ba ce, a kwance take kamar ina karanta masa farashin fenti. "Wannan motar ce ta kashe uban 'yata. Tambaya ɗaya zan yi maka. Da ka waiwaya ka gan shi a ƙasa, yana motsi?"

Ya dafa benci. Leɓensa ya yi fari. "Injiniya, ki ji tsoron Allah. Ni baƙa na saye ta. Ban taɓa ganinta ja ba."

"Kowa zai ce haka."

"Tsaya." Ya ciro waya, yana ta ja da baya cikin hotuna. "Ranar da na karɓi makulli an ɗauke mu hoto. Motata ce ta farko, shi ya sa na ajiye. Ga shi. Dubi kwanan watan."

Na duba. Kwana tara bayan rasuwar. Motar tana bayansa baƙa wuluk, tana sheƙi irin na fentin da bai gama bushewa ba. Numfashin da na riƙe tun safe ya fita. Har na buɗe baki zan ce ya yafe mini.

Sai idona ya sauka a kan mai miƙa masa makullin.

Na ja hoton da yatsa biyu ya girma. Farar riga mai guga. Agogon da na sani. Filasta a goshi.

"A wurin wa ka saya?" Na san amsar, amma ina so kunnena ya ji.

"Wurin Yayanki mana. A nan muka san juna. Na ɗauka kin sani." Ya sake duban hoton. "Ya ce ba ta kasuwa ba ce, tasa ce ta hawa. Ya ce bai taɓa ba wani tuƙinta ba, shi ya sa injin yake..." Bai ƙarasa ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Abubuwan da na binne wata goma sha huɗu suka riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya, kamar zoben nan.

Ranar hatsarin, a asibiti, Yaya a motar haya ya zo, shi da ba ya taka ƙasa. Da filasta a goshinsa, ya ce santsi ne ya kwashe shi a banɗaki. Marigayi yana da sauran numfashi a lokacin, yana riƙe da hannuna. Yaya yana shigowa, marigayi ya juyar da fuskarsa bango. Na ɗauka ciwo ne. Mutumin da yake gane mota da jin ƙarar ƙofarta, zai kasa gane wadda ta buge shi?

Likita ya ce jini ne ya ƙare masa a bakin titi, da an kawo shi da wuri da wata maganar ake yi.

Yaya ne ya ce in bar masa zuwa wurin 'yan sanda, in zauna in ji da kaina. Yaya ne yake dawowa kullum ya ce babu labari. Yaya ne ya sayi wa 'yata keke a watan. Shi ne yake so a rufe garejin nan. Shi ne ya hana a kawo mini motar har sau uku.

"Wataƙila wani ya ara," in ji Mai Tabarau a hankali. "Wataƙila yabon kaya ne irin na dillalai."

"Wataƙila," na ce.

Wayata ta yi ƙara a kan benci. Muka dube ta tare. Yaya ne.

"An ce an ga motar mutumin nan a gareji. Kada ki taɓa ta, ba aikinki ba ne. Ga ni nan tafe."

Na karanta sau biyu. Na miƙa wa Mai Tabarau ya karanta. Ya ce, "Me kike so in yi? In kin ce in tafi, zan tafi. In kin ce in kira wani, zan kira."

"Mai da tabarau ɗinka, ka tsaya nan inda kake. Kama mini wancan gefen tukuna."

Muka ɗaga bonet ɗin muka jingina shi da bango, yana fuskantar ƙofa, inda hasken yamma yake faɗowa. Na ɗauki tsumma mai tsabta na share ƙurar da ke kan zoben har launukan suka fito ɗaya-ɗaya: baƙi, ja, fari. Na tura ƙofar garejin ta buɗe gaba ɗaya. Na jawo kujerar marigayi, mai ƙafa uku, na zauna a gefe, kwalin ashana a buɗe a tafin hannuna.

Ba a yi minti goma ba na ji tsayuwar mota, na ji an rufe ƙofa da ƙarfi. Takunsa na sani tun ina goye, shi ne ya koya mini tafiya. Ya shigo da faɗa a bakinsa.

"Auta, wato ke ba a isa a ce..."

Ya tsaya a bakin ƙofa. Bai dube ni ba, bai dubi Mai Tabarau ba. Bonet ɗin yake kallo. Ina gani hannunsa ya tashi a hankali ya tafi goshinsa.

Wallahi har a lokacin ina roƙon Allah ya ce, mene ne wannan? Ya ce, wace irin hauka ce wannan? Ya zage ni, ya mare ni, da na gode masa.

Ya waiwaya ya dubi titi, ya jawo ƙofar garejin ya rufe rabi. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Auta," ya ce, "Umma ba za ta iya ɗaukar wannan ba."